Gyaran cikin tsohuwar Peugeot 504: daga kujeru ake farawa ko daga ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 haɗin Kaduna ta 1984 daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ta shekara takwas a ajiye a gindin darbejiya. Inji ya tashi, jikinta ma da sauƙi, amma ciki ya lalace: kujerar direba ta lotsa har ana jin ƙarfe, kafet yana wari, silin ya zazzago ta baya, kwalayen ƙofa sun kumbura. So nake ta koma yadda na san ta ina yaro. Daga ina zan fara? Fata zan sa ko leda? Kuma kaya nawa zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifi, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ka yi dabara da ka tambaya tun ba ka kai ta wurin mai ɗinki ba, domin kujera ita ce ta ƙarshe a wannan aiki. Warin kafet da kumburin kwalayen ƙofa labari ɗaya suke ba ka: ruwa yana shiga motar nan, kuma ya daɗe yana shiga. Wanda ya shimfiɗa sabon kafet a kan ƙasa mai tsatsa da roba mai yoyo ya yi kitso da kwarkwata. Damina ɗaya ta isa ta mayar da shi inda ya fito. Saboda haka tsarin shi ne a kwashe komai, a gano ta inda ruwa ke shiga, a gyara ƙarfe, sannan silin, sai kafet, sai ƙofofi, kujeru su shigo a ƙarshe.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ɗauki hoton kowane lungu da wayarka: yadda layukan ɗinkin kujera suka tafi, inda kafet ya hau kan wani, inda ledar ginshiƙin ƙofa ta shige ƙarƙashin roba. Kuma kada ka yar da komai, ko da ya ruɓe. Wannan yana da dalili. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin ƙaramar 504, wato mai but a baya, a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. A wannan tsawon lokaci fasalin kujeru da kwalayen ƙofa da launuka sun sassauya. Za ka sami kayan 504 a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, amma ba lallai su zama na shekararka ba, kuma na doguwar mai kujeru layi uku ba za su zauna daidai a bayan taka ba. Tsohuwar rigar kujerarka da yagaggen kafet ɗinka su ne kaɗai ma'aunin da ba zai yi maka ƙarya ba.

Cire kan batir tukuna. Zuba man kwance tsatsa a kan bol ɗin kujeru tun dare, ta sama da ta ƙarƙashin mota, ka kwance da safe. Idan bol ya ƙi, kada ka matsa masa da ƙarfi, domin notin da aka liƙa a jikin ƙasan motar yakan ɓalle, aikin minti biyar ya koma na walda. Kowane rukuni na sukurori a ledarsa, ka rubuta wurinsa. Bol ɗin bel na ɗaure jiki a kujera kuwa ka ware su daban: zarensu ba na mita ba ne irin sauran na motar, inci 7/16 ne, kuma ba a maye gurbinsu da kowane bol da aka tsinta a kasuwa. Sa takunkumi a hanci lokacin ɗaga kafet da silin. Motar da ta shekara takwas a tsaye ba a rasa kashin ɓera da fumfuna a cikinta.

Idan ciki ya zama ƙarfe zalla, sai farautar ruwa. Barbaɗa hoda ko garin alli a ƙasan motar da gindin ginshiƙai, mutum ɗaya ya zauna ciki da fitila, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga waje. A fara daga ƙasa a hau sama a hankali, minti biyar a kowane wuri. Idan aka fara daga rufi, ruwa zai biyo ko'ina, ba za a gane mafarinsa ba. Layin da ya bari a kan hodar shi zai kai ka. A irin motarka abin da na fi zargi shi ne akwatin iska da ke gindin gilashin gaba. Ganyen darbejiya da 'ya'yanta suna taruwa a can, su ruɓe, su toshe magudanar ruwan, ruwa ya taru ya malalo ta bayan dashbod zuwa wurin ƙafafu. Bayan shi sai robar gilashin gaba da ta baya, musamman kusurwoyin ƙasa, sai robobin ƙofa da rana ta busar, sai toshe-toshen roba na ƙasan mota da suka faɗi. Idan tana da na'urar sanyaya iska, duba bututun da ke zubar da ruwanta waje. Sannan ka shafa hannu a bayan fedar birki da ta kuloci: idan ka ji maiƙo kuma fenti ya kwaile a ƙarƙashinsu, ba ruwan sama ba ne, man birki ne ke ɗiga, a gyara shi yanzu tun bai ci sabon kafet ba.

Ƙasan motar akwai baƙaƙen faci masu kama da kwalta da masana'anta ta liƙa don rage ƙara. Ko sun yi kyau a ido, ɗaga su a wurin ƙafafu. Gefensu yakan saki, ruwa ya shige ƙarƙashi ya kwanta shekaru, ƙarfe ya ci daga inda ba a gani. Da sassafe lokacin sanyi suna da gautsi, kurfi da guduma kaɗan sukan ɓamɓare su. Da rana kuwa sai sun yi laushi ana kankarewa, a goge ragowar da kananzir. Daga nan bi ko'ina da kan sukurudireba kana dannawa da ƙarfi, musamman inda ƙafafun kujera ke zama, wurin ɗaurin bel, da gefen dokin ƙofa. Inda ya huda ko ya lotsa, a yanke har sai an kai ƙarfe mai haske, a sa sabon falle mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, a yi masa walda baki da baki. Kada ka yarda a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, kada kuma a cike rami da hodar gyaran jiki. Wurin da kujera da bel suke riƙe ran mutum ne. Kafin mai walda ya kunna wuta, a leƙa ƙarƙashi a kauce wa bututun fetur da na birki.

Inda tsatsar ta tsaya a sama kawai, buroshin waya da samfefa mai lamba 80 sun isa, sai a shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, a bar shi ya bushe yadda aka rubuta a gwangwaninsa. Bayan haka fentin ƙasa shafi biyu, a bi duk bakin walda da abin toshe haɗi, sai fenti na sama. Ba shi kwana biyu ko uku kafin a ɗora masa komai. A yi wa facin fenti ta ƙarƙashin mota ma, don ta can ne zai fara ci idan aka manta.

A kan abin rage ƙara, akwai kuskuren da ya yi yawa: liƙa ledar kwalta ta facin rufin kwano. Cikin motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu yakan haura digiri 60, kwaltar ta yi laushi, ta zame, warinta ya cika motar. A nemi na roba mai bayan alminiyam da aka yi don mota. Ba sai an rufe ƙasan duka ba, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na kowane fili mai faɗi ya wadatar, a danne shi sosai har iska ta fita. A samansa a shimfiɗa soso marar shan ruwa mai kaurin milimita 6 zuwa 10 a madadin tsohon bargon zaren da ke tsotse ruwa ya riƙe. Gane shi ba wuya: ɗiga masa ruwa, idan ya tsaya a sama ya gangara, shi ne. Wannan kuma shi ne lokacin gyaran wayoyin da suka bi ta ƙasa zuwa fitilun baya da na fitilar silin, tun suna a fili.

Silin ana yinsa ne kafin kafet, saboda gam yana ɗiga kuma mai aiki yana takawa a ciki. Idan naka irin mai rataye a sandunan ƙarfe ne, sa wa kowace sanda lamba daga gaba zuwa baya tun kafin ka zare ta, domin lanƙwasarsu da tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma sanda ɗaya a gurbin wata ta isa ta sa silin ya yi ciki. Abin da ke sa shi zazzagowa yawanci aljihun yadin da sandar ke shiga ne ya ruɓe. A ɗinka sabo da farar leda marar nauyi, a goge sandunan a yi musu fenti don kada tsatsa ta ɓullo ta jikin farin. A liƙa abin tare zafi a jikin rufin da gam mai jure zafi, sannan a rataya sandunan, a ja ledar gaba da baya daga tsakiya, sai gefe da gefe, ana riƙewa da matsen takarda har sai duk tattara ta ɓace, sannan a sa gam. Bakin silin yana shigewa ƙarƙashin robar gilashin gaba da ta baya, don haka aiki mai kyau yana bukatar a cire gilasan. Tunda dama robobin za a sauya, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Bar sukurorin makarin rana da madubi a gurbinsu a ƙarƙashin ledar, ka lalubo kansu da yatsa, ka tsaga ɗan ƙaramin rami a kai.

Yanzu kafet. Na ɗaki bai dace ba: bayansa yana da tauri, ba ya bin lanƙwasa, yana tsagewa a kan tudun tsakiya, kuma yana riƙe ruwa. Na mota siriri ne, mai gajeren gashi, yana miƙewa idan aka ja shi. Mita 3 na mai faɗin mita 2 yakan ishi cikin ƙaramar 504, a ƙara mita ɗaya da rabi idan har da but. Shimfiɗa tsofaffin guntaye a kan kwali ka zana su, ka gwada kwalin a cikin motar kafin almakashi ya taɓa kafet, domin tsohon ya motse da ruwa da rana. Yanka kowane guntu da rarar santimita 2 zuwa 3, gashinsu duka ya kwanta fuska ɗaya, in ba haka ba launi zai bambanta a ido ko daga nadi ɗaya aka yanko su.

Tudun tsakiya da gefen dokin ƙofa da bangon gaba su ake fara liƙawa, daga tsakiya zuwa gefe. Gam irin na masu takalmi ana shafa shi ne a fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Mai gaggawa da ya haɗa shi da ɗanye zai ga ya saki cikin mako. Galan ɗaya na lita 4 yakan ishi motar gaba ɗaya. A yi aikin a fili, babu sigari, babu walda a kusa, don tururinsa yana kama wuta kuma yana juya kai.

Guntayen wurin ƙafafu guda huɗu kuwa, shawarata kada a liƙa su ko kaɗan. A naɗe bakinsu da leda a ɗinke, su hau kan waɗanda aka liƙa, a riƙe su da maɓallai masu ɗanawa. Ranar da ruwa ya shiga, ko yaro ya zubar da kunu, sai a ɗaga a shanya, ƙarfe ya sha iska. A wurin direba a ɗinka facin roba ko leda mai kauri, kamar santimita 25 da 30, inda diddige ke zama, sannan a taka kowace feda har ƙasa a tabbatar ba abin da ke tokare ta. Ramukan bol ba a huda su da injin huji, don bakinsa yana kama zare ya warware layi guda tun daga nan har ƙofa. A soko tsinke daga ƙarƙashin mota, a buɗe ramin da ƙarfe mai zafi, zafin ya narke bakin ya rufe shi.

Kwalin ƙofa yana kumbura ne saboda ƙofar mota dama ruwa yana bi ta cikinta. Yana shiga ta gefen gilashi, ya fita ta ramukan da ke gindinta. Abin da ke kare kwalin shi ne ledar da masana'anta ta liƙa tsakaninsa da ƙarfe, wadda duk mai gyaran injin gilashi yakan yage ya yar. Buɗe ramukan gindin da waya, ka liƙa sabuwar leda mai kauri, bakinta na ƙasa ya koma cikin ƙofar. Yanko sabon kwali mai tauri na milimita 3 a kan tsohon, ka huda ramukan kilif daidai, ka gwada shi tsirara a ƙofar, sannan ka shafe shi da banish gaba da baya da gefuna. Soso na milimita 3 zuwa 5 ya isa. Mai kauri yana hana hannun gilashi juyawa. Idan ledar asali ba ta yage ba, a ɓare ta a hankali, a wanke, a mayar kan sabon kwali, domin zanen da aka buga mata da zafi a masana'anta babu keken da zai maimaita shi.

To, ga kujeru, kuma a nan zan daɗe. Abin da mutane suke tunawa da shi a 504 shi ne laushin zamanta a doguwar tafiya, kuma wannan laushi ba a rigar yake ba, a abin da ke ƙarƙashinta yake. Kujerar da ta lotsa har ana jin ƙarfe, sabuwar riga ba za ta tashe ta ba. A tuɓe ta har ƙashi. Duba ƙarfen a kusurwoyi da wurin da majingina ke haɗuwa da mazauni, nan yake tsagewa, ya sa kujerar direba ta karkace gefe ɗaya. A yi walda, a goge, a yi fenti. Abin da ke ɗauke da soso, sifirin ne ko ragar waya, duk wanda ya karye ko ya saki a sauya shi. Tsohuwar kujerar fasinja daga kasuwar kayan gyara takan ba da na cirewa masu lafiya. Ƙarafan da kujera ke gudu a kansu a wanke su da kananzir, a shafa giris kaɗan. Idan ya yi yawa, ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ya zama kamar laka.

Tsakanin ƙarfe da soso dole a sa shamaki, buhun algarara ninki biyu ko tamfol mai ƙarfi, a ɗaure shi a jikin ƙashin. Rashinsa ne yake sa waya ta yanka sabon soso kamar wuƙa cikin 'yan watanni.

Soso shi ne inda aka fi cutar masu mota, saboda da zarar an rufe ba mai gani. Nauyinsa ake dubawa, ba taurinsa a hannu ba, domin akwai mai tauri a shago wanda yake mutuwa cikin wata shida. Na mazauni ya kasance mai nauyin kilo 35 zuwa 45 a kowace mita murabba'i mai zurfin mita, na majingina 25 zuwa 30. Ɗaga guntaye biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ne na zama. Idan soson asali bai zama gari ba, kada a jefar da shi, don siffarsa ita ce siffar kujerar. A yanke wurin da ya mutu, yawanci gefen da direba ke murzawa wajen shiga, a yanka shi a karkace ba a tsaye ba, a liƙa sabon guntu, a sassaƙe da wuƙa mai tsawo, a daidaita da samfefa mai kaushi. Tururin ruwan zafi yakan tayar da wanda ya ɗan kwanta kawai. Idan kuwa sabo za a yi gaba ɗaya, a yi shi hawa biyu: inci 2 zuwa 3 mai ƙarfi a ƙasa, inci ɗaya mai laushi a sama, kuma ya fi rigar girma da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe don ta cika ta yi santsi. Kada a cusa soso fiye da na asali. Kan direba zai kusanci silin, cinyarsa ta riƙa gogar sitiyari.

Batun fata ko leda. Tunda burinka ta koma yadda ka san ta, ka bi abin da ta zo da shi. Leƙa ƙarƙashin kujerar baya ko cikin naɗin da rana ba ta taɓa ba, can launi da zanen asali suke, ka yanko ɗan guntu ka tafi da shi kasuwa. Fata tana da kyau, amma ba kowace ba. Fatar akuya da ta tunkiya da ake jema a Kano, da jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani, ƙanana ne kuma sirara, sun dace da jaka da takalmi da tufafi, ba su kai faɗin mazauni ba sai da haɗe-haɗe. Wadda aka jeme da bagaruwa kuma tana duhu da bushewa a rana, rininta yana iya bin farar riga idan aka yi gumi. Ta mota fatar saniya ce mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2 wadda aka yi wa rufi mai jure rana, kuma kujerun 504 za su ci kamar uku. Idan ba za a sami irin wannan ba, leda mai kyau ta fi fata marar kyau nesa ba kusa ba. A yanayin zafinmu ma, abin da ya fi daɗin zama shi ne yadi mai ƙarfi a tsakiya inda jiki ke taɓawa, leda a gefuna da baya.

Ledar ma kala-kala ce, kuma araha ba ta ado. Ta kujerun falo tana yin danƙo a rana, tana fitar da wani maiƙo da ke dusashe gilashi, sannan ta tsattsage. Duba bayanta, ya zama saƙaƙƙen yadi mai miƙewa. Ninka ta ka matse. Idan wurin ya yi fari, bar ta. In da hali, karɓi guntu ka ajiye a kan dashbod mako guda ka ga halinta. Faɗinta yawanci santimita 137 zuwa 140 ne. Kujerun gaba biyu da ta baya za su ci mita 7 zuwa 8, ƙofofi huɗu da allon bayan kujera mita 3, silin mita 3. Sayi ta kujeru da ƙofofi lokaci ɗaya daga nadi ɗaya, da rarar mita guda, don in ka koma ba lallai ka sami launin ba.

Wajen fitar da ma'auni, rigar kujerar fasinja ake farkewa, ita ce ba ta buɗe sosai ba, a bar ta direba a ɗinke don a riƙa dubawa. Kafin a farke, a ja gajerun layuka da alli masu tsallaka kowane ɗinki, tazarar santimita 10, a sa wa kowane guntu suna. Waɗannan alamomi su ne za su nuna inda guntu zai haɗu da ɗan'uwansa. Babu su, riga takan fito a murɗe. A shanya guntayen a rana su kwanta, a zana a kwali, a ninka kwalin biyu a gyara inda tsufa ya karkatar. Leda ta fi miƙewa ta faɗinta fiye da tsawonta, saboda haka guntun dama da na hagu su kwanta fuska ɗaya a kan nadin. Mai ɗinkin da ya juya guntu don ya tsimi rabin mita, gefe ɗaya zai yi santsi, ɗayan ya tattare.

Keken tela na ɗinkin tufafi ba ya wannan aiki; sai babban keke mai ƙafar da ke tafiya tare da kayan, wanda ke jan sama da ƙasa lokaci guda. Zare ya zama na roba mai kauri, kuma foliyesta ya fi nailan jure rana. Zaren auduga ruɓewa yake yi. Tsawon kowane taku milimita 4 zuwa 6. Idan ya yi ƙanana, allura tana jera ramuka kusa da kusa, ledar ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Rarar ɗinki santimita ɗaya ko'ina. Layukan tsakiyar kujera ana ɗinka su ne a kan siririn soso na milimita 6 zuwa 12 mai yadi a bayansa, yadin ne ke riƙe zaren. A ƙirga layukan asali da faɗinsu a maimaita su daidai, domin da su ido ke gane 504.

Abu na ƙarshe da ake yawan tsallakewa shi ne wayoyin ciki. A bayan rigar akwai aljihunan yadi da siririyar waya ke shiga, ana ɗaure ta da zobban ƙarfe a jikin wata wayar da ke cikin soso ko ƙashin kujera. Su ne suke jan rigar ciki su fitar da kwarin kujera da kafaɗunta. Idan aka bar su, kujera takan fito kamar buhun da aka cusa wa auduga. Tanadi zobba kamar 300 da filayarsu, zobe ɗaya kowane santimita 5 zuwa 7. A shanya rigar a rana minti 20 ta yi laushi, a juya ta bai-bai, a fara ɗaure wayoyin tsakiya, sannan a naɗo gefuna kan soso. Siririyar leda a kan kafaɗun majingina tana sa ta zame ba tare da ta ja soso ba. A ja gaba da baya, sai dama da hagu, kaɗan-kaɗan. Ramukan matashin kai da na hannun kwantar da kujera sai an gama ɗaurewa duka ake yanka su, kuma a yanka su ƙanana.

Kwancewa da wankewa da fentin ƙasa da kafet da ƙofofi duk za ka iya da hannunka idan kana da haƙuri. Walda da ɗinki da cire gilashi a bar wa masu su. Wajen zaɓen mai ɗinki, nemi ganin aikin da ya yi shekara guda a kan hanya, ba wanda ya gama jiya ba. Sayi kayanka da kanka, kuma ku yi sharaɗi cewa za ka zauna a kan kowace kujera da sosonta tsirara kafin a rufe ta. Bel kuwa idan ya yi bushi-bushi ko gefensa ya fara zarewa, sabo za a sa. Ba a rina shi, ba a ɗinke shi. Kafin kujeru su koma ciki, a sake zuba wa motar ruwa da tiyo kamar farko, a ɗaga guntayen kafet a shafa ƙarfen da hannu. Idan ya fito a bushe, a ɗaura kujerar baya, sai na gaba, a fara kama bol huɗun kowace da hannu kafin a ɗaure ko ɗaya da sifana, don kada ƙarafan gudunta su karkace ta riƙa cijewa.